Tukunyar Sallah: Tarihin Abincin Idi da Masu Girka Shi a Ƙasar Hausa

Daga cikin ranakun da gwamnatocin Najeriya da Nijar suke ba da hutu a kowace shekara, kaɗan ne suke da abincin da aka san su da shi. Ranar 1 ga Oktoba, wadda Najeriya ta samu mulkin kai a cikinta a 1960, da ranar 18 ga Disamba, wadda Nijar take tunawa da zamanta jamhuriya a 1958, ranaku ne na fareti da jawabin shugabanni, amma matar gida ba ta sauya abin da za ta ɗora a murhu saboda su. Idi biyu kuwa, wato Ƙaramar Sallah da ke biyo bayan azumin Ramadan da Babbar Sallah ta ranar 10 ga Zulhajji, kowace tana da tukunyarta, har ana iya gane wadda ake ciki daga ƙamshin da ke tashi a unguwa. Dokar ranakun hutu ta Najeriya ta 1979 ta lissafa su duka biyun tare da Mauludi, ministan harkokin cikin gida yake sanar da hutun, Sarkin Musulmi kuma yake tabbatar da ganin wata, sai dai dokar ta tarar da bikin ne da shekaru ɗaruruwa a ƙasa, tare da wasu rukunonin masu sana'a da suke ɗauke da nauyinsa, waɗanda girki shi ne aikinsu na kullum, ko ana biki ko ba a yi.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385) ne Wangarawa suka iso daga Mali da addinin Musulunci, kuma cikin muƙaman da aka fara rabawa a tsakaninsu, bayan na liman da na ladan, har da na mutumin da zai riƙa yanka dabbar da za a ci. Wannan ƙaramin bayani yana da nauyi a tarihin abinci, domin yana nuna cewa tun farkon al'amari an mai da yanka aiki mai ƙa'ida, wanda ba kowa ake bar wa ba. Littafin ya kuma jingina wa Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) fara sallar Idi a Kano da kafa kasuwar Kurmi, abubuwa biyu da suka daɗe suna tafiya tare, domin filin Idi yana tara jama'a, kasuwa kuma ita ke ciyar da su. Hawan Sallah da sarakuna suke yi, wanda hukumar UNESCO ta sanya na Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, shi ne fuskar bikin da baƙi suke gani, amma mafi yawan aikin Sallah a bayan katanga ake yin sa, tsakanin turmi da murhu.

Bambancin abincin Sallolin biyu yana da tushe a fiƙihun Malikiyya, mazhabar da ƙasar Hausa take bi, wadda almajirai suke karanta hukunce-hukuncenta a littattafai irin su Risala ta Ibn Abi Zaid. Ƙaramar Sallah tana zuwa ne da zakkar fidda kai, wadda ake kira zakkar kono, wato mudun Annabi huɗu na abincin da aka fi ci a gari a madadin kowane mutum na gida, kuma an so mutum ya ci wani abu kafin ya tafi Idi. Babbar Sallah tana zuwa da layya, inda Malikiyya ta fifita rago a kan sa da raƙumi, ta hana yanka kafin liman ya yanka nasa, ta ba da kwana uku na yankan, ta kuma haramta sayar da wani abu daga naman ko fatar, an kuma so mai layya ya jinkirta karyawa har ya ci daga dabbarsa, abin da ya sa hanta ta zama farkon abin da ake gasawa. Ta haka ne ɗaya ta zama Sallar hatsi, ɗayar kuma Sallar nama.

Abincin da aka fi dangantawa da Ƙaramar Sallah shi ne tuwon shinkafa da miyar taushe, miya mai kauri da ake haɗawa da kabewa da alayyafo ko yakuwa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da daddawa, sai waina, wadda wasu yankuna suke kira masa, da sinasir, da funkaso, da alkubus, tare da kaji ko zabi. Dalilin zaɓen waɗannan yana fitowa fili idan aka tuna cewa cimar talaka ta yau da kullum tuwon dawa ce ko na gero da miyar kuka ko kuɓewa, sai fura da rana. Shinkafa daɗaɗɗiyar shuka ce a Afirka ta Yamma, kuma an daɗe ana noma jar shinkafa ta gida a fadamun Kebbi da kogin Rima, amma a mafi yawan ƙasar Hausa ta tudu abin marmari ce da ake tanada domin biki da baƙo. Alkama ta fi ta tsada, domin sai da ban ruwa ake noma ta a lokacin hunturu, kuma girke-girkenta, irin su alkaki da gurasa da alkubus da taliyar hannu, suna da alaƙa da Larabawan Gadamas da Tarabulus da suka zauna a Kano ta hanyar cinikin Sahara. Saboda haka abin da ya mai da waɗannan abincin na Sallah shi ne ƙarancinsu, kuma da shinkafar waje ta cika kasuwanni a shekarun arzikin man fetur na 1970, har ta zama cimar ranar aiki a birane, sai darajar ta koma kan yawan nama da yawan nau'o'in da aka jera. Haka nan fulawar kamfani ta kawo cincin da sauran kayan toye-toye na zamani, suka zauna kusa da nakiya da alkaki, waɗanda asali da zuma ake yin su.

Abin da ake kira abincin gargajiya a yau, idan aka bi diddigin kayan haɗinsa, ba a zamani guda ya taru ba. Gyaɗa da barkono da tumatir da masara duka tsirrai ne na nahiyar Amurka, waɗanda ba su shigo Afirka ba sai bayan da jiragen Turawan Fotugal suka fara zirga-zirga tsakanin nahiyoyin biyu a ƙarni na 16. Ke nan miyar taushe mai gyaɗa, da yajin tsire da ake yi da garin ƙuli-ƙuli, ba su kasance da siffarsu ta yanzu ba a zamanin Rumfa, lokacin da masoro da kimba da citta da daddawar kalwa suke riƙe da ɗanɗanon miya. Man gyaɗa ma, wanda kusan duk suyar Sallah ta dogara da shi, ya yawaita ne bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa daga 1912. Sinadarin ɗanɗano na dunƙule, irin su Maggi, ya shiga tukunya a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, ya rage wa daddawa matsayi ba tare da ya kore ta ba.

Babbar Sallah ta fi nuna ƙwarewa, domin matsalar da take kawowa ta fasaha ce: nama mai yawa a lokaci guda, a ƙasa mai zafi, a zamanin da babu firji. Shirinta yana farawa makonni kafin ranar, a kasuwannin dabbobi irin su Maigatari da Mai'aduwa da Illela, waɗanda suke kan iyakar Najeriya da Nijar, da Wudil da Potiskum, inda ake taya balami da uda da 'yankasa, da yawansu kuma mata ne suka yi kiwonsu a cikin gida da dusa da harawa domin wannan kasuwa. Bayan yanka da fiɗa, al'adun garuruwa suna rabuwa. A Kano da kewayenta an saba rataye ragon ya kwana domin ya tsane, a wuni ana gyaran kayan ciki, wato hanta da huhu da tumbi da hanji, a soya su ko a yi farfesu, a babbake kai da ƙafafu, sai washegari a sauke shi a yayyanka, a fitar da rabon 'yan'uwa da surukai da maƙwabta da mabuƙata, a shiga suya. A Sakkwato da garuruwan Nijar irin su Maraɗi da Damagaram da Yamai kuwa, ana buɗe ragon gaba ɗayansa a tsire shi da sanduna, a jingina raguna da yawa kewaye da babbar wuta a ƙofar gida, su yi sa'o'i masu yawa suna gasuwa a hankali, kitsen yana ɗiga a cikin kwanon da aka tara, aikin da Sakkwatawa suke kira tareni. Hanyoyin biyu manufarsu ɗaya ce, wato fitar da ruwan da ke jikin nama, tunda shi ne yake jawo ruɓewa.

Suyar layya ta bambanta da ta sauran ranaku, domin ana tafasa naman da gishiri da albasa da kayan yaji, sannan a soya shi cikin kitsensa da man gyaɗa har ya bushe ƙarau, a zuba a tukunya ko kwalla a rufe, a riƙa ɗiba na tsawon makonni. Kitsen da aka narkar, wanda ake kira kakiɗe, shi ma ajiye shi ake yi domin miya. Dambun nama ya fi wannan wahala da daɗewa: ana dafa tsoka har ta yi laushi ruwanta ya ƙone, a daka ta a turmi har ta warware, a koma da ita kasko a yi ta juyawa a kan wuta marar ƙarfi, kuma duk ƙwarewar tana wajen sanin lokacin da danshi ya ƙare ba tare da dambun ya ƙone ba. Wanda aka yi da kyau yana kai watanni, shi ya sa ya zama guzurin mahajjata da matafiya da ɗaliban makarantun kwana. Akwai kuma al'adar busar da wani sashe na ragon, musamman wutsiya, a adana shi har zuwa 10 ga Muharram, daren da Hausawa suke kira cika-ciki, inda ake dafa shi domin kowa ya ci ya ƙoshi a farkon sabuwar shekara. Shigowar firji ba ta kashe waɗannan dabaru ba, kuma rashin tsayayyar wutar lantarki yana daga cikin dalilan, ko da yake harshen da ya saba da soyayyen naman layya ba ya karɓar na ƙanƙara a madadinsa.

Duk wannan ilimi na nama yana da masu shi, su ne mahauta, waɗanda ake kuma kira Rundawa, kuma fawa sana'a ce ta gado da take da sarautarta, Sarkin Fawa, wanda yake kula da abin da ake yankawa a gari da sasanta rikicin 'yan sana'ar. Baturen Birtaniya Hugh Clapperton, da ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, ya bayyana rumfunan mahauta na kasuwar, da wuraren da ke kusa da su inda ake kafa tsinkaye kewaye da wuta, an jera tsoka da kitse bi da bi, mace tana raba wa masu saye da suka zauna kewaye da ita, ya kuma lura da wayon wasu mahautan na liƙa gashin tunkiya a cinyar akuya domin ta shige a matsayin naman rago. Mai karatu na yau zai gane tukuba a wannan bayani, wato tudun toka da ƙasa da mai tsire yake kakkafa tsinkayensa a kai. Ranar mai wannan sana'a tana farawa da asuba a kwata, inda yake sayen nama, sau da yawa bashi, daga mahaucin da ya kayar da sa. Hantsi da azahar suna tafiya a yanka da fere nama da tsirewa da barbaɗa garin ƙuli. Da la'asar a hura wuta, ciniki kuma ya kai tsakar dare. Ribarsa ba ta da yawa, kuma babban abin tsoronsa kwantai, wato naman da ya kwana ba a sayar ba. Mai kilishi ya fi shi jira, domin sai ya shimfiɗe tsoka ta yi faɗi da siranta, ya shanya ta a rana, ya tsoma ta cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji, ya sake shanyawa, sannan ya ɗan nuna mata wuta, aikin da unguwar Agadasawa ta Kano da garin Madawa na Nijar suka yi suna a kansa.

Duk da haka, a tsarin darajar sana'o'i na Hausa, wanda masanin zamantakewa M. G. Smith ya yi nazarinsa a ƙasar Zazzau, mahauta suna can ƙasa, nesa da malamai da fatake, saboda mu'amalarsu da jini, har wasu gidaje suna ƙyamar haɗa aure da su. Sun samar wa kansu martaba ta wata hanyar, domin kalangu kiɗansu ne, da shi ake sanar da gari cewa an yi yanka, dambe da hawan ƙaho kuma wasanninsu ne na nuna jarumta, ana yin na biyun musamman a jajibirin Sallah. Fataucin shanu ya kai su nesa: Abner Cohen ya rubuta littafi a 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan da cinikin shanu da goro, kuma ta irin waɗannan zango-zango ne tsire ya zama suyar da Legas take ci, ya isa Gana da Kamaru, ya zama agashe a Sudan. Layya tana juya lissafin mahauci, domin kowane gida ya zama mahauta, tukuba ta yi kwanaki babu ciniki, shi kuma ya ɗauki wuƙa da gatari yana bin gidaje yana fiɗa. A nan ne ake yawan samun saɓani a kan fince, wato 'yan gutsattsarin naman da mai fiɗa ya saba ɗauka a matsayin hakkinsa, alhali shari'a ta ce ladansa ya fito daga aljihun mai layya. Fatar ma, da yake ba a sayar da ita, yawanci ƙungiyoyin addini ne suke bi suna karɓa sadaka.

Ɓangaren hatsi yana hannun mata, kuma tarihinsa ya fi ɓoyuwa saboda kulle, wato zaman matan aure a cikin gida. Masaniyar tattalin arziki Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a 1969 cewa akwai babban ciniki da ke gudana daga gida zuwa gida ba tare da ya bayyana a kasuwa ba, littafin Baba of Karo na Mary Smith (1954), wanda ya ƙunshi labarin rayuwar wata dattijuwa daga bakinta, ya tabbatar da cewa sana'ar abinci tsohuwar hanya ce ta samun kuɗin mace, Enid Schildkrout kuma ta yi nazarin yadda yara masu talla suke haɗa matan Kano da masu saye a shekarun 1970. Mai waina misali ce mai kyau. Tana jiƙa shinkafa tun da rana, ta dafa wani kaso ta haɗa, ta kai markaɗe da yamma, ta bar ƙullun ya kwana ya tashi, ta kashe tsaminsa da ruwan kanwa, kafin kiran assalatu kuma ta ɗora tanda, kaskon yumɓu ko na ƙarfe mai gurabe, tana zubawa tana juyawa cikin hayaƙi har rana ta ɗaga. Da kuɗin wannan aiki take zubin adashi, take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Idan Sallah ta zo, irin waɗannan mata ne unguwa take kai wa aikatau na waina da funkaso da alkaki, su kwana a kan wuta domin wasu gidajen su samu abin zubawa a langa, a aiki yara su rarraba wa dangi da maƙwabta, kwano ya dawo da goron Sallah ko da wani abincin. Masu tuwo-tuwo na tasha da bakin kasuwa, waɗanda yawancinsu zawarawa ne ko dattijai, sun daɗe suna fama da kallon raini, ko da yake su ne suke ciyar da direba da ɗan dako da baƙo.

Namiji mai girkin albashi, wato kuku, ɗan zamanin mulkin mallaka ne. Bayan da Ingila ta ci Kano da Sakkwato a 1903, kowane jami'i yana tafiya da kuku da boyi, kuma matan jami'an sun bar rubutu a kan wannan hulɗa: Constance Larymore ta ba da shawarwarin tafiyar da gida da ma'aikata a littafinta na 1908, Sylvia Leith-Ross da Geneviève Ruxton kuma suka fitar da littafin girki a Zungeru wajen 1910, domin koyar da sarrafa kayan ƙasa zuwa abincin Turawa. Kukun bariki ya koyi gasa burodi da haɗa miya daga abincin gwangwani, yana bin maigidansa rangadi da tukwane a kan 'yan dako, ya riga shi isa masauki domin abinci ya kasance a shirye, ya kuma mai da miyar gyaɗa ta zama abincin hutun mako na Turawan. Takardar shaida daga tsohon ubangida ita ce jarinsa. Daga gidajen Turawa sana'ar ta wuce zuwa gidajen saukar baƙi na gwamnati da makarantun kwana da asibitoci, sannan manyan otal-otal irin su Hamdala da Durbar a Kaduna, na biyun an gina shi domin bikin FESTAC na 1977. Na dogon lokaci waɗannan wurare sun ɗauki waina da taushe a matsayin abincin gida da bai cancanci shiga jerin abincin otal ba, ra'ayin da ya jinkirta rubuta girke-girken Hausa da auna su.

A 'yan shekarun nan rukunonin uku sun fara cuɗanya. Mata masu ilimin boko suna buɗe makarantun girki da kamfanonin abincin biki, suna tallata dambu da dubulan a Instagram da TikTok, samari suna shiga aikin da a da ake ganin na mata ne, gas yana maye gurbin itace a birane, Nijar kuma ta yi wa kilishinta rajista a hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka, wato OAPI, a matsayin kayan da ke da alaƙa da ƙasar asali. Ma'aikatan da suke zaune a Abuja da Kano da Yamai, waɗanda ba su da tsakar gida mai faɗi ko dangin da za su taya aiki, suna miƙa ragonsu ga mai girki tun daga yanka, ya dawo musu da shi soyayye da dambu a cikin robobi, a biya shi kuɗin aiki gwargwadon girman dabbar, shi ya sa masu wannan sana'a suke rufe karɓar aiki kwanaki kafin Arfa, su ɗauki ƙarin hannu na wucin gadi har zuwa kwana na uku na yanka.